Yadda Ake Amfani da Ɓawon Jatan Lande da Kaguwa Wajen Cire Gubar Ƙarafa Daga Ruwa

Duk wayar da ta lalace, da cajar da ta ƙone, da batirin inbata da ya daina riƙe wuta, suna da inda suke ƙarewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar kayan lantarki ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, kuma kashi 22 da ɗoriya cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa yadda ya kamata. Sauran a bola suke ƙarewa, ko a hannun masu ƙona waya don ciro jan ƙarfe, ko masu fasa batir don narka dalma. Da zarar an yi ruwan sama, ƙarafan da ke cikinsu sai su bi kwata su shiga rafi, wasu kuma su nutse cikin ƙasa har su tarar da ruwan rijiya.

A can gefe guda kuma, kamfanonin sarrafa abincin teku suna fama da tasu sharar. A shekarar 2015 wasu masana biyu na Jami'ar Ƙasa ta Singafo, Ning Yan da Xi Chen, sun rubuta a mujallar Nature cewa duk shekara ana zubar da ɓawon jatan lande da kaguwa da danginsu da ya kai tan miliyan 6 zuwa 8. Wannan darasi zai yi bayanin yadda shara ta biyu take zama maganin ta farko: abin da ke cikin ɓawon, yadda ake sarrafa shi, yadda yake kama ƙarfe a cikin ruwa, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Me ya sa gubar ƙarfe ta fi wuyar sha'ani?

Ƙarafan da ake magana a kai sun haɗa da dalma, zaiba, kadmiyam, kuromiyam, da jan ƙarfe idan ya yi yawa. Ana kuma lissafa arsenik a cikinsu. Idan suka narke a ruwa ba a ganinsu da ido. Ruwa zai iya kasancewa garau, babu wari babu wani ɗanɗano, amma yana ɗauke da dalmar da za ta illata yaro.

Bambancinsu da ƙwayoyin cuta shi ne, ƙwayar cuta abu ne mai rai, ana kashe ta da tafasa ruwa ko da kulorin. Ƙarfe kuwa ba shi da ran da za a kashe. Idan aka tafasa ruwa mai dalma, ruwan ne zai ragu ya bi iska, dalmar tana nan, har ma ta ƙara yawa a ɗan abin da ya rage. Ƙarfe ba ya ruɓewa kamar ganye. Abin da kawai za a iya yi masa shi ne a raba shi da ruwan, a killace shi a inda ba zai dawo ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar abin da za a lamunta a kowace lita ɗaya ta ruwan sha:

- Dalma: maikurogiram 10
- Arsenik: maikurogiram 10
- Zaiba: maikurogiram 6
- Kadmiyam: maikurogiram 3
- Kuromiyam: maikurogiram 50

Maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Don a ga ƙanƙantar abin: idan giram ɗaya tak na dalma ya narke a cikin lita 100,000 na ruwa, wato jarka 4,000 masu cin lita 25, ruwan ya riga ya kai iyaka. Hukumar ta kuma bayyana cewa babu wani adadin dalma a jikin yaro da za a ce ba shi da illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage kaifin fahimta, kuma ɓarnar da ta yi ba ta cika gyaruwa ba.

Duniya ta koyi wannan da tsada. A garin Minamata na Japan an gano cutar da ta ɗauki sunan garin a 1956, bayan wani kamfanin sinadarai ya shafe shekaru yana zuba zaiba a teku, kifi ya kwasa, mutane suka ci. A lardin Toyama, a Japan ɗin dai, kadmiyam daga mahaƙar ma'adinai ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa, ya lalata ƙashi da ƙodar mutane. A birnin Flint na Amurka kuma, sauya tushen ruwan famfo a 2014 ya sa tsofaffin bututai suka fara sakin dalma cikin ruwan gidaje.

Abin da ke cikin ɓawon

Ɓawon jatan lande ko na kaguwa haɗin abubuwa uku ne: furotin kashi 20 zuwa 40 cikin 100, kalsiyam kabonet, wato sinadarin alli da ɓawon ƙwai, kashi 20 zuwa 50, sai wani abu mai suna kaitin kashi 15 zuwa 40. Kaitin shi ne zaren da ke riƙe ɓawon ya ba shi ƙarfi da danƙo, kamar yadda rodi ke riƙe kankare. Shi ne kuma a jikin fara da kyankyaso da ƙwaro, da bangon ƙwayoyin naman kaza. Bayan sinadarin selulos na itace da auduga, babu wani zare irin wannan da ya kai shi yawa a doron ƙasa.

Wani masani Bafaranshe, Henri Braconnot, shi ya fara ware shi daga naman kaza a 1811. A 1859 wani Bafaranshen, Charles Rouget, ya dafa kaitin cikin sinadari mai tsananin kanwa, sai ya ga ya rikiɗe zuwa wani abu dabam wanda ke narkewa a ruwa mai tsami. A 1894 masanin Jamus Felix Hoppe-Seyler ya raɗa wa sabon abin suna kaitosan. Mai son bincika shi a intanet zai same shi da rubutun chitosan.

An ɗauki shekaru ba a damu da shi sosai ba, sai a shekarun 1970, lokacin da wani masani ɗan Italiya, Riccardo Muzzarelli, ya wallafa littattafai kan yadda yake kama ƙarafa. A wannan tsakanin ne kuma Japan ta fara sarrafa shi da yawa don tace ruwan kwata.

Daga ɓawo zuwa kaitosan

Bayan an wanke ɓawon an busar an niƙa, matakai uku ake bi:

1. Cire alli. Ana jiƙa garin a cikin asid ɗin haidurokulorik da aka surka. Kalsiyam kabonet zai narke yana kumfa, kamar yadda ɓawon ƙwai ke yi a cikin ruwan khal.
2. Cire furotin. Ana dafa abin da ya rage cikin ruwan soda, irin ta masu haɗa sabulu, amma marar kauri. Abin da ya saura bayan an tace shi ne kaitin.
3. Mayar da kaitin kaitosan. Ana sake dafa shi cikin soda mai kauri sosai, kashi 40 zuwa 50 cikin 100, a zafin da ya kai digiri 100 ko fiye, na tsawon sa'o'i.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin. Kaitin doguwar sarƙa ce, kuma a kan kowace gaɓa tata akwai ƙwayar naitirojin da wani ɗan guntun sinadari mai suna asetil ya rufe. A ɗauki misalin kwamfutar da ke da ramukan USB da yawa, amma an toshe kowanne da murfin roba. Ramukan suna nan, sai dai babu abin da zai shiga. Aikin soda mai zafi shi ne ɓalle murafan. Duk inda murfi ya fita, sai a sami abin da ake kira rukunin amino a buɗe. Idan aka buɗe fiye da rabinsu, abin ya tashi daga kaitin ya zama kaitosan. Yawan ramukan da aka buɗe shi ne yawan wuraren da ƙarfe zai iya maƙalewa, shi ya sa masu saye suke fara tambayar wannan adadi kafin su tambayi farashi.

Wannan aiki ne na ɗakin gwaje-gwaje ko masana'anta. Soda mai irin wannan kauri, ga ta a tafashe, tana cin fata nan take kuma tana makantarwa. Ba abin da za a gwada a kicin ba ne don an ga bidiyo a TikTok.

Yadda yake kama ƙarfe

Ƙarfen da ya narke a ruwa yana yawo ne da caji, kamar dai kan batir mai fosatif da nagatif. Dalma, jan ƙarfe, kadmiyam da zaiba suna ɗauke da cajin fosatif, don haka kullum suna neman inda za su sami ilektiron. Ƙwayar naitirojin da ke rukunin amino kuwa tana da ilektiron biyu da ba ta haɗa da kowa ba. Idan ƙarfen ya matso, sai ta ba shi su, shi kuma ya maƙale. Sau da yawa rukuni biyu ko fiye ne suke taruwa su riƙe ƙwayar ƙarfe ɗaya ta ɓangarori daban-daban, kamar awartaki. Sunan da masana suka ba irin wannan riƙo, kileshan, ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin hannun kaguwa.

Hanya ta biyu ta shafi tsamin ruwan, wanda ake aunawa da ma'aunin pH. Lamba 7 ita ce tsakiya, ƙasa da ita tsami ne, sama da ita kanwa. Idan pH ya sauka ƙasa da kusan 6.5, rukunan amino suna fara ɗaukar cajin fosatif su ma. To a nan abubuwa biyu ne suke faruwa. Idan tsamin ya yi yawa, kaitosan zai fara ture dalma da jan ƙarfe, tunda fosatif ba ya jan fosatif. Amma kuma zai koma yana jan gubar da ke yawo da cajin nagatif, irin su nau'in kuromiyam mafi haɗari, mai lamba shida, da wani nau'in arsenik. Shi ya sa a gwaje-gwaje ake ganin dalma da jan ƙarfe sun fi kamuwa a ruwa mai ɗan tsami kaɗan, wajen pH 5 zuwa 6, kuromiyam mai lamba shida kuwa sai a ruwa mai tsami sosai. Abu ɗaya ne, amma saitin ruwan ne ke nuna abin da zai kama.

Akwai matsala a nan: kaitosan yana narkewa a ruwa mai tsami, kuma ruwan masana'antu da na mahaƙai yawanci mai tsami ne. Maganin da aka samo shi ne a ɗinke sarƙoƙin da juna da wani sinadari, kamar gulutaraldihaid, sannan a mulmula su ƙanana kamar ƙwayar gero. Ana cika bututu da su, ruwa ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama. Wasu masu binciken suna cakuɗa su da garin ƙarfe mai bin maganaɗisu, ta yadda bayan sun gama aiki a cikin tanki za a kwashe su da maganaɗisu ba sai an tace ba. Idan sun ƙoshi, ana wanke su da asid marar ƙarfi, ƙarfen ya saki ya taru a ɗan ruwa kaɗan, ƙwayoyin kuma a sake amfani da su, ko da yake ƙarfinsu yana raguwa daga zagaye zuwa zagaye.

Ɓawon kawa da ƙashin kifi

Ba duk sharar teku ce ke aiki ta hanyar kaitosan ba. Ɓawon kawa da na sauran dabbobi masu ƙoƙo, fiye da kashi 90 cikin 100 nasa kalsiyam kabonet ne. A kudancin Koriya ta Kudu, musamman yankin Tongyeong, ana noman kawa da yawa har ɓawonta ya zama tsibi-tsibi a bakin teku yana wari. Idan aka niƙa shi aka zuba a ruwa mai tsami, yana kashe tsamin, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin miya. Da tsami ya ragu, dalma da kadmiyam sai su haɗu da kabonet su zama gari wanda ba ya narkewa, ya kwanta a ƙasa ko ya manne a jikin ɓawon. Idan aka gasa ɓawon a zafin da ya haura digiri 800, yana komawa ɗanyen laim, wanda ya fi saurin aiki, sai dai gashin yana cin makamashi.

Ƙashin kifi kuma fosfet ne da kalsiyam. Idan dalma ta haɗu da fosfet, tana zama wani ma'adini mai suna fairomofait, wanda narkewarsa ke da matuƙar wuya. An gwada wannan a fili, ba a ɗakin gwaji kawai ba. A 2001, a wata tsohuwar mahaƙa mai suna Success da ke jihar Idaho ta Amurka, an gina wani rami aka cika shi da sarrafaffen ƙashin kifi a kan hanyar da gurɓataccen ruwan ƙarƙashin ƙasa ke bi, don ya tare dalma da kadmiyam da tutiya kafin su shiga rafi. A 2011 kuma Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta cakuɗa niƙaƙƙen ƙashin kifin Alaska da ƙasar tsakar gidaje a wata unguwa ta yammacin Oakland, a jihar Kalifoniya, don ɗaure dalmar da ke cikin ƙasar da yara ke wasa a kai.

Ɗanyen ɓawon kaguwa da ba a sarrafa ba ma yana da nasa amfanin, domin ya haɗa duka ukun. A Jami'ar Jihar Pennsylvania, Rachel Brennan da ɗalibanta sun gwada shi a kan ruwan tsami da ke fitowa daga tsofaffin mahaƙai: allin yana kashe tsami, kaitin yana kama ƙarfe, furotin kuma yana ciyar da wasu ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ƙarfen baƙin gari marar narkewa.

Lissafin da ya kamata a iya

Sau da yawa ana ganin kanun labari a Facebook cewa wani abu "ya cire kashi 90 cikin 100 na dalma daga ruwa". Lambar tana da daɗin ji, amma ga yadda ake auna ta. Wannan misali ne kawai don koyon lissafin.

A ce akwai lita 1 ta ruwa mai ɗauke da miligiram 50 na dalma. An zuba giram 1 na kaitosan, an kaɗa, an jira, an tace. Da aka sake aunawa, miligiram 5 ya rage.

Abin da aka cire: 50 − 5 = miligiram 45.
Kaso: 45 ÷ 50 = kashi 90 cikin 100.
Ƙarfin ɗauka: miligiram 45 a kowane giram ɗaya na kaitosan.

Yanzu a kwatanta da iyakar ruwan sha. Miligiram 5 daidai yake da maikurogiram 5,000. Iyaka kuwa 10 ce. Wato ruwan da aka cire wa kashi 90 har yanzu ya ninka iyaka sau 500. Kafin ya sauka daga miligiram 50 zuwa abin da za a sha, sai an cire kashi 99.98 cikin 100.

Don haka duk wanda ya ga irin wannan labari, tambayoyi huɗu zai yi: nawa ne a cikin ruwan tun farko, nawa ya rage a ƙarshe, giram nawa aka zuba a lita nawa, sannan wane irin ruwa ne. Tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, domin yawancin gwaje-gwaje ana yin su ne da tataccen ruwa da aka zuba wa ƙarfe ɗaya tak. Ruwan kwatar masana'anta kuwa cike yake da gishiri, mai, rini da ƙarafa iri-iri, kowanne yana rububin wurin maƙalewa. Sakamakon fili kusan kullum yana ƙasa da na ɗakin gwaji.

Inda gizo ke saƙa

Ɓawon kusan kyauta ne, amma sarrafa shi ba kyauta ba ne. Yan da Chen sun nuna cewa fitar da kilo ɗaya na kaitosan daga ɓawon jatan lande ta hanyar da aka saba yana cin fiye da tan ɗaya na ruwa, ban da asid da soda da wutar dafawa. Idan ba a kula ba, sai a gurɓata wani ruwan garin tsabtace wani. Shi ya sa ake neman hanyoyi masu sauƙi, kamar barin bakteriya irin masu tsamama nono su cinye alli da furotin a maimakon asid da soda.

Na biyu, ingancinsa yana bambanta. Kaitosan ɗin kaguwa ba daidai yake da na jatan lande ba, na wannan kamfani ba daidai yake da na wancan ba. Masana'anta kuwa tana son abin da za ta iya lissafa aikinsa kullum. Ga shi kuma ɗanyen ɓawo yana saurin ruɓewa, dole a sarrafa shi kusa da inda aka ɓare shi. Idan ma dabbar ta rayu a gurɓataccen ruwa ne, ɓawon nata yana iya zuwa da nasa ƙarfen.

Na uku, kuma mafi muhimmanci: ƙarfen bai ɓace ba, wuri kawai ya sauya. Kaitosan ɗin da ya ƙoshi da dalma shi kansa guba ne. Idan aka jefa shi a bola zai ruɓe, tunda abu ne da ke ruɓewa, dalmar kuma ta koma ƙasa. Dole a wanke ƙarfen a mayar da shi masana'anta, ko a binne shi a wurin da aka tanada. A nan ne wani fannin bincike ke ba da sha'awa: kaitosan yana kama zinariya da faladiyam sosai a ruwa mai tsami, don haka ana gwada shi wajen ƙwato waɗannan ƙarafa masu tsada daga narkakkun allunan waya da kwamfuta. Idan abin da aka kama yana da kuɗi, babu mai jefar da shi.

Saboda waɗannan dalilai, har yanzu manyan masana'antu sun fi dogara da tsofaffin hanyoyi: zuba laim don ƙarfe ya kwanta, gawayin da aka sarrafa, ƙwayoyin roba masu musayar caji, da matatar RO irin ta masu fiyawota. Inda kaitosan ya riga ya sami kasuwa sosai shi ne wajen dunƙule laka da datti su kwanta, aikin da alif ke yi a randa.

Inda abin ya shafi wannan yanki

Gubar dalma ba baƙon labari ba ce a Arewacin Najeriya. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF sun gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma mai yawa. Yara fiye da 400 suka rasu. A can, ƙura da ƙasa ne babbar hanyar da gubar ta bi, don haka maganin shi ne kwashe ƙasar saman gidaje a zuba sabuwa, sannan a ba yaran magani. Maganin da aka ba su yana aiki ne da irin riƙon awartakin da aka yi bayani a sama: ya kama dalmar da ke cikin jini ya fita da ita ta fitsari. A 2015 an sake samun irin wannan a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

A Kano, masana'antun jima da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai suna amfani da gishirin kuromiyam, kuma an daɗe ana nazari kan ruwan da ke fita daga cikinsu zuwa kogunan da ake noman rani da su. A Accra, filin Agbogbloshie, inda matasa da yawa 'yan arewacin Ghana suka riƙa ƙona wayoyin lantarki don ciro jan ƙarfe, ya yi suna a duniya kafin hukuma ta rushe shi a 2021. Irin waɗannan wurare, inda gurɓataccen ruwa ke fita ta bututu ko kwata guda, su ne inda matata mai arha za ta fi amfani, domin tare guba a bakin kwata ya fi sauƙi a kan binta cikin kogi.

Kayan aikin ma ba su yi nisa ba. A yankin Neja Delta da gabar Akwa Ibom da Kuros Riba ana tara ɓawon jatan lande da na ƙananan katantanwar ruwa, har ana cike hanya da gini da su, kuma masu bincike a jami'o'in Najeriya sun gwada su wajen tace ƙarafa. A Arewa babu teku, amma akwai fara, wadda fukafukanta da ƙafafunta da ake zubarwa kafin suya suna ɗauke da kaitin, akwai kuma ƙashin kifi. Ɗalibin kimiyya da ke neman abin da zai yi aikin kammala karatu a kai yana da abin dubawa a nan.

Abin da mai waya zai riƙe

Ƙaramar na'urar TDS, mai kama da biro, da ake sayarwa a kasuwa da intanet, ba ta gano dalma. Tana auna jimillar gishirin da ya narke ne, a ma'aunin miligiram a lita. Iyakar dalma kuwa kashi ɗaya cikin ɗari ne na miligiram ɗaya. Ruwa zai iya ninka iyakar sau goma na'urar ba ta ko motsa ba. Haka nan babu wata manhaja da za ta auna ƙarfe da kyamarar waya kaɗai. Sahihin awo sai a ɗakin gwaji mai na'urar AAS ko ICP, irin waɗanda ake samu a wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike.

Zuba garin ɓawon jatan lande ko na ƙwai a randa ba ya mayar da ruwa mai guba ruwan sha. Tafasawa, kulorin, alif da 'ya'yan zogale suna da amfaninsu wajen ƙwayoyin cuta da laka, amma ba abin dogaro ba ne a kan narkakken ƙarfe. Wanda zai sayi matatar gida saboda dalma, ya duba ko tana da shaidar NSF/ANSI 53 da aka rubuta dalma a kai, ko 58 idan ta RO ce, ya kuma riƙa sauya ta a kan lokaci. Ƙwayoyin kaitosan da ake tallatawa a matsayin maganin rage ƙiba kuwa ba maganin gubar dalma ba ne. Yaron da ake zargin ya shaƙi dalma asibiti za a kai shi a auna jininsa.

Sannan akwai abin da ke hannun kowa. Kusan kashi 85 cikin 100 na dalmar da duniya ke amfani da ita a batiran mota da inbata da sola take. Kada a fasa tsohon batir a gida, kada a zubar da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, a mayar da shi ga dillalin da ke karɓar tsoho a cike yadda yake. Kada a ƙona allon waya ko wayar wuta a unguwa. Mai gyaran waya da ke aiki da dalmar liƙi ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada kuma ya bar yara su yi wasa a teburin aikinsa. Ɓawon jatan lande zai iya kamo wani ɓangare na ƙarfen da ya riga ya shiga ruwa, amma giram ɗaya na dalma da ba a bari ya shiga ba ya tsirar da jarka 4,000 ba tare da an kashe ko sisi ba.